Jingar Shafin Intanet: A Faɗi Aiki, A Faɗi Kuɗi

[Kiɗan buɗe shiri]

Mutanen Cadawa da Agye da Gazawa, mutanen Gidan Runji, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a kasuwa ko a kan hanya, muna yi muku fatan alheri. Shirin faɗakarwa na yau ya ɗauko wata sana'a da ta shigo mana a ƴan shekarun nan, wato ƙera shafin intanet, da irin saɓanin da ke tasowa a kanta tsakanin mai ba da aiki da mai yin aiki. Da mutum biyu nake magana: matashi ko matashiyar da suka iya aikin, da kuma ɗan kasuwa ko shugaban ƙungiya ko mai makaranta da ke son a yi masa.

Wani zai ce ina ruwan Cadawa da shafin intanet. Akwai ruwanta. Jihar nan tamu ta Maraɗi ita ce uwar aya a Nijar, ga riɗi, ga wake, ga gyaɗa. Ayar da ake aunawa a kasuwanninmu tana tsallaka iyaka zuwa Katsina da Kano, wata ma har Sifen take kaiwa, inda mutanen Balensiya ke yin kununta suna sha. Baƙon da ke son sayen kaya masu yawa daga nesa, kafin ya aiko da ko dala ɗaya, sai ya fara neman sunanka a intanet. Ƙungiyoyin manoma da na mata, in sun je neman tallafi, akan tambaye su adireshin shafinsu. Makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci ma sun fara so. A ɗaya gefen kuma ga ƴaƴanmu da suka fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ga waɗanda suka koya da kansu a YouTube, kowa da kwamfutarsa a jaka yana neman halalinsa. Mai buƙata yana nan, mai iyawa yana nan. Inda ake samun matsala shi ne wajen ciniki.

Bari mu kwatanta yadda yakan kasance. Alhaji na zaune a ƙofar sitonsa, ana sauke buhunan aya, sai ya sa a kira masa saurayin.

"Samari, an ce kai ne ka iya abin nan na intanet. Ina so ka yi mini irin na kamfanin nan na Yamai."

"Ba komai, Alhaji, za a yi in sha Allahu."

"To, nawa za ka yi mini?"

"Haba Alhaji, ai ku iyayenmu ne. Duk abin da kuka bayar."

"Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ungo wannan ka sa forfe, ka fara."

An yi musafaha, kowa ya tashi da abin da ke ransa. A ran Alhaji, ya sayi duk abin da ya gani a shafin kamfanin Yamai: hotuna masu kyau, Faransanci da Turanci, wurin da mai saye zai danna ya biya, kuma da zarar an yi an gama ke nan har abada. A ran saurayi, aikin sati biyu ne, ɓangare huɗu ko biyar, kuma yana sa ran sefa jikka 300. Bayan wata uku aiki bai ƙare ba. Alhaji na kira safe da yamma: a ƙara wannan, a canja launin can, ɗansa da ke karatu a Yamai ya duba ya ce bai yi ba. Saurayi ya gaji, ya daina ɗaukar waya. Alhaji ya ce yaron nan ya cuce shi, saurayi ya ce Alhaji ya ci guminsa. Ko a masallaci suka haɗu, gaisuwa sama-sama. In ka bi diddigi kuma za ka tarar babu maƙaryaci a cikinsu. Tun ranar farko kowa maganarsa daban yake yi.

Mu nan manoma ne, mun san jinga. Babu ɗan jingar da zai yanka kuɗin noma yana zaune a zaure. Sai ya je ya zagaya gonar, ya ga iyakarta, ya ga kaurin ciyawa, ya tambaya noman firi ne ko maimai, da abinci ko ba abinci, sannan ya faɗi kuɗinsa. Shi aikin shafi, ƙafa ba ta zagaya iyakarsa, ido ba ya ganinta. Dole sai an zana ta a takarda.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid har ya kai babin ciniki, ya ji cewa ɗaukar mutum aiki yana inganta ne idan an yanka wa'adi an kuma ambaci lada. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Saboda haka saurayin da ya ce wa dattijo "mu rubuta", bai yi rashin kunya ba. Ni a ganina ma nauyin farko a wuyansa yake, domin shi ya san abin da aikin ya ƙunsa. Alhaji ya san farashin tiyar aya a kowace kasuwa daga nan har Tasawa, amma bai san bambancin shafin da ke nuna kaya da shafin da ke karɓar kuɗi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ya sani shi zai yi bayani. Kunyar da ta hana ka faɗin kuɗinka yau, ita za ta sa ka riƙa ɓuya wata uku masu zuwa.

To, me za a rubuta? Kafin ma a ɗauki alƙalami, a fara da tambaya ɗaya: shafin nan me ake so ya yi? In amsar ita ce mutanen Maraɗi da Damagaram su ga kaya su kira waya, mai gaskiya zai gaya wa Alhaji cewa WhatsApp Business da shafin Facebook sun ishe shi, kada ya ɓarnatar da kuɗinsa. Ka rasa aikin yau, amma ka sami mutum, kuma gobe shi zai turo maka wanda ke da buƙatar gaske. In kuwa ana son kamfanin waje ya ga cewa kasuwancin nan na da tushe, ko masu ba da tallafi su ga ayyukan ƙungiya, to shafi ya zama dole, sai a zauna a ƙirga.

A ƙirga ɓangarorin shafin ɗaya bayan ɗaya, a kira kowanne da sunansa: na farko mai maraba da baƙo, na tarihin kamfani, na kayan da ake sayarwa, na hotuna, na adireshi da lambar waya. Biyar ke nan, a rubuta 5. A ɓangaren kaya, kaya iri nawa za a sa? Sa iri 10 da sa iri 200 ba aiki ɗaya ba ne. Da wane harshe? In Faransanci ne kawai a faɗa, in da Hausa ko Turanci a faɗa, a kuma faɗi wanda zai fassara, domin kowane harshe da aka ƙara kusan sake rubuta shafin ne. Sai abin da ya fi kowanne tsayar da aiki: wa zai kawo bayanai da hotuna? Sau da yawa ma'aikaci ya gama nasa cikin kwana goma, sai ya zauna wata biyu yana jiran a ba shi tarihin ƙungiya da sunayen shugabanni. Ko a turo masa hotunan da aka ɗauka da magariba, an yi ta tura su daga waya zuwa waya har sun dushe, a ce ya gyara. In shi zai je sito ya ɗauki hoton buhuna da ma'auni da ma'aikata, in shi zai zauna ya tsara rubutun, wannan wani aiki ne mai kuɗinsa, a rubuta shi daban. Kada kuma a kwaso hoton wani kamfani daga intanet a manna, hoto na da mai shi.

A rubuta cewa shafin zai buɗe da kyau a kan salula, kuma ba zai yi nauyi ba. Mutanenmu da waya suke shiga intanet, rezo kuma kun san halinsa da zarar an bar bakin kwalta. Shafin da aka cika da manyan hotuna da bidiyo, wanda ke buɗewa a ofis mai intanet mai ƙarfi amma ya ƙi buɗewa a ƙauye, bai yi wa mai shi amfani ba. Ranar gwaji, a gwada shi a kan wayar mai shi, a inda yake zaune.

Daga nan sai a zo ga abin da mutane ba su saba rubutawa ba, wato abin da ba ya cikin aikin. Wannan layin ya fi sauran muhimmanci. A rubuta ƙarara: babu karɓar kuɗi ta cikin shafi, babu manhajar waya, babu zanen tambarin kamfani, babu kula da Facebook, babu talla. Ku ɗauki karɓar kuɗi kawai. Kafin shafi ya iya karɓar biya ta Airtel Money ko Moov Money ko katin banki, sai mai kasuwancin ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin da abin ya shafa, ya kai takardunsa, a buɗe masa hanya, sannan ma'aikaci ya haɗa, ya gwada, ya tabbatar kuɗin mutane ba za su ɓata ba. Wannan kaɗai yana iya fin sauran shafin wahala. In ba a cire shi da baki ba, mai aiki zai ɗauka yana ciki.

Gyara ma a yi masa iyaka. Abin da na fi gani ya dace shi ne zagaye biyu: an nuna aiki, mai shi ya tattara duk abin da bai yi masa ba ya faɗa gaba ɗaya, a gyara, a sake nunawa, ya sake tattarawa, a gyara. Abin da ya biyo baya sabon ciniki ne. In ƙungiya ce ko makaranta, a rubuta sunan mutum ɗaya da maganarsa ce ake bi. In ba haka ba shugaba zai ce kore, ma'aji ya ce shuɗi, magatakarda ya dawo daga tafiya ya ce a mayar yadda yake da.

Ƙari kuwa dole ya taso, kuma ba laifi ba ne. Mutum sai ya ga abu a gabansa sannan wata dabara ta zo masa. Abin da ake so shi ne ma'aikaci ya iya bakinsa. Kada ya yi shiru ya yi aikin yana ƙunƙuni, kada kuma ya ce ba zai yi ba. Ya ce: "Alhaji, wannan shawara ce mai kyau, kuma zan iya. Sai dai ba ta cikin abin da muka rubuta. Kuɗinta jikka 25, za ta kuma ƙara mana kwana biyar. In kun amince sai in fara." Babu ɗan kasuwar da zai ji haushin wannan magana, domin shi ma haka yake yi da abokan cinikinsa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu saurare, har yanzu kuna tare da shirin faɗakarwa, muna magana a kan jingar aikin shafin intanet. Mun faɗi aiki, saura lokaci da kuɗi.

Wa'adi ya fara ƙirguwa daga ranar da abu biyu suka shiga hannun ma'aikaci: kafin alƙalami, da bayanan da zai yi aiki da su. In mai aiki ya yi jinkirin sati biyu, ranar gamawa ta matsa da sati biyu. A kuma bar sarari saboda abin da ya fi ƙarfin kowa. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har aka shiga watan Maris na 2024. Mu da layin wutarmu ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa, mun ji a jikinmu. Ma'aikacin da ya san aikinsa na sati uku ne, ya ce sati huɗu ko biyar. In ya gama da wuri, mutuncinsa ya ƙaru.

Kuɗi kuma a raba shi kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure shi da abin da ido zai gani. A ce misali an daidaita a kan jikka 300. A ba da jikka 120 kafin a fara. Ranar da aka nuna shafin a tsaye, a wani adireshin gwaji, mai shi ya shiga da wayarsa ya gani ya amince da tsarinsa, ya ba da jikka 90. Ragowar jikka 90 kuma ranar da za a ɗora shafin a adireshinsa na gaskiya a miƙa masa kalmomin sirri. Wannan misali ne kawai, ba farashin kasuwa nake yanka muku ba. Wasu rabi da rabi suke yi, kuma ya yi. Abin da bai yi ba guda biyu ne. Ma'aikaci ya fara ba a ba shi komai ba, ya sayi forfe da kuɗinsa, ya biya sunan shafi da kuɗinsa, a ƙarshe a ce masa a bari sai an sayar da kaya. Ko kuma mai aiki ya zube kuɗi gaba ɗaya tun ranar farko, yaro ya kashe su, wani sabon aiki ya ɗauke masa hankali. Ku matasa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ba kansa kaɗai ya ɓata ba, ya rufe wa abokan sana'arsa goma ƙofa.

Manyan kasuwannin wannan sana'a na duniya ma a kan wannan tsari suke tafiya. A Upwork, mai aiki na ajiye kuɗin kowane mataki a hannun kamfanin, ba a sakar wa ma'aikaci sai an karɓi aikin matakin. Fiverr kuma na cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ma'aikaci a matsayin ladan tsayawa tsakani. Mu da muke gari ɗaya, muka san gidajen juna, takarda ɗaya da shaidu biyu za su yi mana wannan aiki ba tare da an cire ko dala ba.

Idan aka fasa fa? Wannan ma a faɗe shi tun ana dariya. Wasu matasa na kwafo sharaɗi daga takardun ƙasashen waje cewa kafin alƙalami ba ya dawowa ko ta halin ƙaƙa. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda da kuɗin kamun ciniki da za a cinye a banza don an fasa ba. Hanyar da ta fi adalci ita ce a lissafa aikin da aka riga aka yi da kuɗin da aka riga aka kashe, ma'aikaci ya riƙe hakkinsa, ya mayar da saura, ya kuma miƙa abin da ya yi. Haka nan sharaɗin cewa in an yi jinkirin biya bashin zai riƙa ƙaruwa da kaso kaza kowane wata, ku bar shi, riba ce. Abin da za ku rubuta shi ne: in kwana kaza suka wuce ba a biya ba, aiki ya tsaya, kuma ba za a ɗora shafi ba sai an cika. Wannan ya isa.

A faɗi irin kuɗin da za a biya da shi. Mu nan kusa da iyaka muke, ana samun aiki daga Jibiya da Katsina da Kano. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta saki farashin naira. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, a kasuwar canji ma naira ta zubar da kusan rabin darajarta. Wanda ya yi jinga da naira kafin wannan, aka biya shi bayan wata takwas, aikin banza ya yi, alhali sunan shafi da masaukinsa, waɗanda za mu zo kansu a gaba, galibi da dalar Amurka ko yuro ake biyansu. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Saboda haka ku yanka da sefa, in da naira za a biya a bi canjin ranar biya. A kuma faɗi hanyar turawa, ko Nita ko Al Izza ko Amana ko ta waya, da wanda zai ɗauki kuɗin turawa. Kowane biya a ba da resi, ko a ajiye saƙon da ya shigo waya.

Masu neman aikin furoje ko ma'aikatar magajin gari ko manyan ƙungiyoyi, ku sani can ba a biya da baki. Za a nemi lambar haraji ta NIF da takardar rajistar kasuwanci, za a nemi takardar neman biya mai hatimi, kuma kuɗin kan ɗauki lokaci kafin ya fito. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Tun wajen ba da farashi ku tambaya, ku kuma rubuta ko da haraji a ciki ko babu, da abin da za a cire kafin kuɗi ya iso hannunku. Wanda bai tambaya ba, ribarsa ce za ta tafi.

Yanzu ga maganar da na fi so kowa ya buɗe kunne ya ji, musamman masu ba da aiki. Shafin intanet ba a biyansa sau ɗaya a huta. Abu biyu ne ake yi wa haya. Na farko sunan shafin, wato adireshin da ake rubutawa a same ka, mai ƙarewa da .com ko .org ko .ne na ƙasarmu. Na .com yakan kama tsakanin dalar Amurka 10 zuwa 20 a shekara, ana kuma iya biyan shekaru har 10 a gaba. Na biyu masaukin shafin, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana tana riƙe da rubutunka da hotunanka. Shi ma duk wata ko duk shekara ake biya. In shekara ta zagayo ba a sabunta suna ba, shafi ya ɗauke. Akan ba da ɗan lokaci na sassauci, sannan wasu kwana 30 da za a iya fanso shi da tsada, bayan nan a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya saya. Ka buga adireshin nan a kan buhunanka da allon shagonka da katinka, ka wayi gari yana hannun wani da ba ka sani ba, yana tallar abin da ba ka so a haɗa da sunanka.

Saboda haka takarda ta faɗi nawa ne kuɗin shekara, wace rana yake cika, wa zai biya. Ta kuma faɗi da sunan wa aka yi rajista. Amsar ɗaya ce: da sunan mai kasuwancin ko ƙungiyar, da imel ɗinsu, da lambar wayarsu. Yawancin matasa da nasu imel suke yi, ba da mugun nufi ba, don ya fi sauƙi ne, kuma su ke da katin biya. Amma yaro na iya samun aiki a Yamai, ko ya tafi Aljeriya ko Libiya, ko wayarsa ta ɓata, ko rai ya yi halinsa. Ƙungiya ta zauna da shafin da ba ta iya taɓawa. In mai aiki ba shi da imel, a buɗe masa a gabansa, a rubuta kalmar sirri a takarda ya adana inda yake adana takardun filinsa. Ku kuma ma'aikata, riƙe kalmar sirrin mutum bayan ya gama biyanku don ya riƙa dawowa wurinku dole, cin amana ne. In aikinku na da kyau zai dawo da ƙafarsa.

Bayan miƙa aiki, a ba da wata ɗaya na lamuni: duk abin da ya lalace daga aikin ma'aikaci, ya gyara kyauta. Abin da ya wuce nan kulawa ce, tana da nata kuɗin na wata ko na shekara. Mafi yawan shafukan da ake yi mana da WordPress ake gina su, shi kuwa yana son sabuntawa a kai a kai da ajiye kwafi, in ba haka ba ɓarayin intanet su sami ƙofa. Makaranta ko asibitin da zai riƙa tara sunayen yara ko na marasa lafiya a shafinsa, ya san amana ce ya ɗauka, kuma ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Irin wannan aiki ba a ba wanda ya fi araha don arharsa kawai.

Duk abin nan da na lissafa, fuska ɗaya ko biyu ta takarda ta ɗauke shi. Ba sai da lauya ba, ba sai da Faransanci mai wuya ba. A rubuta da harshen da duka biyun ke ji, ko da boko ko da ajami, a karanta a bayyane gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya. In mai aikin na nesa, a tura masa ta WhatsApp, ya amsa da rubutu ko da murya cewa ya ji ya yarda, a adana saƙon. A ƙasan takardar a ambaci mutumin da za a je wurinsa in an saɓa, ko shugaban ƴan kasuwa, ko limami, ko mai gari, tun kafin magana ta kai jandarmeri. Tun ran gini ran zane.

Iyayenmu ƴan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, ina roƙonku. Yaron da kuka gani zaune gaban kwamfuta ba wasa yake yi ba. Shekaru ya yi yana koyo, da kuɗinsa yake sayen forfe, wani lokaci sai dare ya raba yake samun wuta da rezo. Don ba ku ga gumi a goshinsa ba, kada ku ce ai danne-danne ne kawai. Kada kuma zumunci ya zama dalilin tauye shi, a ce ai ɗan ƙanena ne, ai ɗan unguwa ne. In ya zo muku da takarda, ku karɓe ta hannu biyu, domin ku ma take karewa. In ya cika aiki, ku cika masa kuɗinsa a ranar, kada ku sa shi zarya. In muka hana yaran nan cin abinci da iliminsu a gida, za su tafi inda ake biyansu, mu koma neman na nesa da tsada.

Ku kuma da kuka riga kuka mallaki shafi, ga aikin da nake so ku yi a satin nan. Ku kira wanda ya yi muku, cikin mutunci, ku tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin, wace rana kuɗinsa ke cika, kuma ina kalmomin sirri. In da sunansa ne, ku zauna tare ya mayar da shi sunanku tun kuna shiri.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.